Kujerar da Ba a Mayar Ba

"Ka mayar da ita yadda take. Iyakar abin da na ce ke nan!"

Dogo ya daki teburin aikina da tafin hannu, ƙananan notuna suka yi tsalle suka watse a ƙasa. Ban duƙa na tsince su ba.

"Ba zan taɓa ta ba," na ce.

"Kai ka taɓa ta tun farko."

"Kai ka kawo ta."

Dogo yayan Auta ne, wadda nake nema da aure. Saboda tsayinsa sai ya rusuna kafin ya shigo shagona, yau kuwa bai rusuna da kyau ba, goshinsa ya daki katakon ƙofa. Wannan ma ya ƙara masa fushi.

Kwanakin baya ya kawo mini jar motarsa mai ƙofa biyu, irin ta tsere, ya ce tana yi masa sanyi a hanya. Aikina ke nan. Ba na kwance inji. Kwamfuta nake jonawa da ƙwaƙwalwar mota, in sauya lissafin mai da iska da kamfani ya rubuta mata, sai ƙarfin da aka ɗaure ya saku. Kuɗin aikin yana da nauyi, amma tsadar gaske tana wajen inshora. Duk motar da aka ƙara wa ƙarfi sai an sanar da su, su kuma su ɗaga abin da kake biya a shekara har ka ji a jikinka. In ka yi shiru, ranar da ka yi karo sai su karanta ƙwaƙwalwar, su ce wannan ba ita ce motar da suka sani ba.

"Na gaya maka ka sanar da su," na ce. "Kana tsaye a nan inda kake."

"Ka gaya mini, na ji. Sai in riƙa biyan na mota biyu a kan mota ɗaya? Malam, lokacin wa'azi ya wuce. Mota ta riga ta daki jif ɗin mutane."

Shekaranjiya abin ya faru. An ce ta ƙwace masa a kwana, ta goge bango da gefen direba, ta je ta huta a bayan wata sabuwar jif da ke ajiye. Ba wanda ya mutu. Dogo ko ƙwarzane babu a jikinsa. Janwe, motar jan motoci, ta kai ta gidansu.

"In inshora suka ƙi biya," ya ce, ya rage murya, "Abba ne zai biya. Tamu da ta mutumin. Ka san abin da ya rage masa tun da ya bar aiki? Gidan da muke ciki."

Na ɗauki tsumma ina goge hannu.

"Bayan la'asar mai dubawa zai zo. Ka san wanda za su turo?"

Na sani. Mai Kwat. Ɗan aminin Abba, ma'aikacin kamfanin inshorar, mai digiri da motar ofis. Shi ma Auta yake nema, kuma shi ta ƙofar gaba yake shiga, har a kawo masa shayi a falo. Ni a bakin get nake tsayawa.

"Shi ya roƙa a ba shi aikin," in ji Dogo. "Wai don ya taimaka wa gida."

"To ya taimaka."

"Kai ba ka da kai ne? Ka san abin da taimakonsa zai ci?"

Na juya ina jera sifanu a bango, waɗanda tuni suke a jere.

"Ko na mayar da tsohon lissafin," na ce, "ƙwaƙwalwar tana riƙe da alamar an taɓa rubuta mata. Mai ido zai gani."

"Alama daban, kama ka da hannu dumu-dumu daban."

"Ha'inci ne, Yaya. In aka kama ni, shagon nan ya tafi. Wataƙila ni ma."

Ya zagayo ya tsaya a gabana, ya tare hasken ƙofa.

"Yaya? Yau ni ne Yaya? To saurara, ƙanena. Jibi kawunka zai zo wurin Abba a kan maganarka. Abba ba ya yin ka, ka sani. Ya ce sakandare kawai, da baƙin mai a farce. Duk gidan nan ni kaɗai nake tsaya maka. In motar nan ta ci gidanmu, wallahi zan ce masa ba ka taɓa ambata mini inshora ba. Sai mu ga kujerar da za a ba kawun naka."

Na dube shi. Idonsa ya yi ja, amma ba irin jan mai mugunta ba. Tsoro ne. Ban gane dalilin da ya kai haka ba.

Na ɗauki jakar kwamfuta da cajar batir.

*

Ta ƙaramar ƙofa ya shigar da ni. Abba ya fita wurin mai jif, ba zai dawo ba sai yamma. Daga cikin gida ina jin muryar Umma tana waya, tana ta cewa, "Allah dai ya tsare, Allah ya tsare."

Motar tana cikin rumfa an lulluɓe ta da tamfol. Dogo ya yaye. Gefen direba ya lotsa tun daga fitila har ƙofa. Ƙofar ta shige ciki, ta cije.

"Ta nan ba ta buɗuwa," ya ce. "Ka bi ta ɗaya gefen. Zan tsaya a get. In ka ji na yi tari, ka tattara."

"Ba a tattarawa."

"Kamar yaya?"

"In na fara rubutawa, sai ta gama. In aka zare waya a tsakiya, ko wuta ta yi ƙasa, ƙwaƙwalwar ta mutu ke nan. Ko fitilar ciki ba a kunnawa."

"To ka yi sauri."

"Ba ni nake da saurin ba."

Ya yi tsaki ya tafi.

An cire kan batir tun ranar hatsarin. Na mayar, na jona caja don wutar ta tsaya daidai. Na shiga ta gefen fasinja, na miƙa hannu ƙarƙashin sitiyari ina laluben ramin waya. Wurin ya matse, da ƙyar hannuna ya shiga. Ban tsaya tunanin dalili ba. Na jona, na murɗa makulli, na nemo tsohon lissafin da na adana ranar da na yi aikin.

Yatsana ya daɗe a kan maɓallin.

Na tuna Inna, mahaifiyata, da ta ce in dai 'yar mutane ce mai hankali, ita ba ta da ja. Na tuna kawu, da ya kai rigarsa wanki tun jiya.

Na danna.

Wani siririn layi kore ya bayyana a fuskar kwamfutar, ya fara rarrafe.

Daga nan babu aiki sai jira. Na jingina, kwamfuta a cinya, zufa na bin bayana. Motar tana warin ƙonannen roba. Na ɗaga kai don in ga get ta madubin tsakiya, ko Dogo yana nan.

Ban ga get ba. Kujerar baya na gani.

An karkato madubin ƙasa sosai.

Na dubi kujerar direba. An ja ta gaba har ta kusa haɗuwa da sitiyari, an ɗaga ta sama. Dogo in zai tuƙa motar nan sai ya tura kujera har ƙarshe, duk da haka gwiwarsa tana gogar sitiyari. A wannan zaman ko ƙafarsa ɗaya ba za ta shiga ba.

Kujerar ta lantarki ce. Tun da aka cire batir, inda aka bar ta nan take.



"Malam Shiru."

Auta ce, tana tsaye a bakin ƙofar da na bari a buɗe, da kofin ruwa. Haka take kirana tun ranar da na fara zuwa kantin maganin da take aiki, na tsaya na kasa faɗin abin da ya kawo ni. Yau sunan ya fito ba dariya a ciki.

"Yaya ya ce kana nan. Na ce bari in kawo maka ruwa, kar a ce gidanmu ba a san baƙo ba."

Da hagu ta miƙo kofin. Hannun damanta yana cikin mayafi, manne da ciki.

Ban karɓa ba.

"Miƙo mini da dama," na ce.

"Ruwa dai ruwa ne."

"Auta. Nuna mini hannunki."

Ta dubi kujerar. Ta dubi madubin. 

Ta durƙusa a gefen ƙofar, ta ajiye kofin, ta janye mayafin. Wuyan hannun ya kumbura, ya yi baƙi, an naɗe shi da bandeji irin naɗin wanda ya yi wa kansa.

"Na ce wa Umma a banɗaki na zame," ta ce.

"Ke ce."

"Ni ce."

Layin kore bai kai rabi ba.

"Me ya kai ki?"

Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba.

"Ranar da safe Abba ya kira ni falo. Ya ce in zauna. Ya ce shi ba zai tilasta mini kowa ba, amma in yi tunani. Ya ce wancan an san ofishinsa, an san abin da yake yi. Kai fa? Ya ce, wai me yaron nan yake yi ne takamaimai? Wasa da kwamfuta a cikin motocin 'ya'yan masu kuɗi? Na buɗe baki in ba shi amsa, sai na ga ni ma ban sani ba. Ban taɓa ji ba. Na fito raina a ɓace, ga makullin Yaya a kan firji, shi yana barci."

"Sai kika ɗauka."

"So nake in ji aikin hannunka. Sau ɗaya. In dawo in ce wa Abba, ga abin da yake yi."

"A halin barci kika tuƙa ta?"

Ta sunkuyar da kai.

Motar hali biyu na yi mata. Akwai na kullum, wanda nake kira barci, ko tsohuwa za ta kai ta kasuwa. Akwai ɗayan. Sai an taka burki, an danne wani maɓalli a gefen giya har fitila ta ƙifta, sannan ta farka.

"Kai ka nuna mini," ta ce a hankali. "Ranar da muka zo ɗaukarta, Yaya ya fita amsa waya. Ka ce ba kowa ya sani ba. Ka yi murmushi. Ban taɓa ganin ka yi murmushi irin wannan ba."

Haka ne. Mai Kwat yana da ofis mai sanyi da zai nuna mata. Ni maɓalli nake da shi.

"Da farko lafiya lau," ta ce. "Da na hau miƙaƙƙiyar hanya sai na danna. Wallahi kaɗan na taɓa totur. Kaɗan. Sai na ji kamar an hankaɗo ni daga baya, kujera ta manne da bayana, ga kwana ta iso tun ban shirya mata ba. Ban san sanda na..."

Kuka ya ci ƙarfinta. Ta cusa bakin mayafi a baki don kar Umma ta ji.

Na so in riƙe ta. Kwamfuta tana cinyata, waya a miƙe, ko motsi mai ƙarfi ba na so in yi.

"Na fito ta nan gefen," ta ci gaba. "Na kira Yaya. Ya iso a kan babur kafin 'yan sanda, ko takalmi bai sa daidai ba. Ya ce in bi ta lungu in tafi gida, kar in waiwaya. Ya tsaya a wurin ya ce shi ne."

Yanzu na gane jan idon Dogo.

"Inshorar sunansa kaɗai ke kai," na ce.

"Na sani. Ya gaya mini. Ya ce irin motar nan ba sa yarda kowa ya tuƙa sai wanda aka rubuta."

"To ko na goge nawa, naki yana nan."

"Shi ya sa ban yi barci ba tun ranar." Ta ɗago jajayen idanu. "Ba kuɗin nake tsoro ba, Malam Shiru. Mai Kwat nake tsoro. Jiya ya kira ni. Ka san me ya ce? Ya ce in kwantar da hankalina, duk abin da ya gani a motar nan, tsakaninsa da gidanmu ne. Da ladabi ya faɗa. Ba mugu ba ne, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. In ya rufa mana asiri, ya jefa aikinsa cikin haɗari saboda Abba, da wane baki zan ce masa a'a? Da wane ido Abba zai kalli kawunka?"

Na mayar da ido kan kwamfutar.

"Ka yi magana mana! Kullum shiru, kullum shiru. Yau ma?"

"Ina tunani."

"Ka mayar da kujerar. Ai ga wuta ka jona."

"Ba yanzu ba."

"Don me?"

"Kujerar tana jan wuta da yawa. In na taɓa ta ana rubutu, ƙwaƙwalwar za ta iya mutuwa. In ya zo ya tarar da ita a mace, ya san an yi wasa da ita. Sai ta gama."

"Saura yaya?"

Na juyo mata da kwamfutar kaɗan. Layin ya wuce rabi, yana tafiya kamar mai ciwon ƙafa.

"Akwai lokaci," na ce. "Sai bayan la'asar."

Ta goge fuska da bayan hannun hagu, ta yi wata 'yar dariya mai ɗaci.

"Ka san wani abu? Kafin kwanar nan, na ji. Na ji abin da kake yi. Da Abba ya ji, da bai ce wasa ba ne."

"Da Abba ya ji, da ya ɗaure ni."

"Da ya ɗaure mu tare."

A bakin get, Dogo ya yi tari.

Muka dubi juna.

Ya sake yi, da ƙarfi, irin tarin da ba na maƙogwaro ba. Sai ƙarar mota, sai ƙarar buɗe get. Sai muryar Dogo sama-sama: "A'a, Abba! Har kun dawo? Tare kuke ashe? Ku shiga falo mana, rana ta yi zafi, a kawo ruwa tukuna."

"A hanya muka haɗu," in ji muryar Abba. "Ya ce gara ya duba da wuri. Ina motar?"

Auta ta miƙe, ta ɗauki kofin da hagu, ta mayar da hannun daman cikin mayafi. Ta kasa gudu, ta kasa tsayuwa.

Na dubi layin. Saura kaɗan, amma kaɗan ɗin nan ya fi tazarar get zuwa rumfa.

Mota ko ita.

Ban daɗe ina zaɓa ba. Ƙwaƙwalwa ta mutu, a ce ni ne, a rufe shagon. Na ɗora kwamfutar a kan dashbod, na kwanta a kan giya, na miƙa jikina bisa kujerar direba. Maɓallin kujerar yana can ɗaya gefen, tsakaninta da ƙofar da ta lotsa. Na cusa hannu. Ƙarfe ya yanke ni a bayan hannu, na ƙara cusawa. Kan yatsana ya taɓa gefen maɓallin. Ya zame. Na sake gwadawa.

"Salamu alaikum."

Inuwa ta rufe gilashin gaba.

Mai Kwat ne, da jakarsa a hannu, takalminsa yana ƙyalli. Abba yana gefensa. Dogo a bayansu, fuskarsa kamar an zare mata jini.

Ni kuwa ga ni kwance rub da ciki a kan kujerar direba, hannu a matse a jikin ƙofa.

"Wa alaikumus salam," in ji Auta, da muryar da ba tata ba.

"Kai," in ji Abba. "Me kake yi a cikin motar nan?"

Na zaro hannuna a hankali. Jini yana bin yatsuna. Na zauna.

"Barka da rana, Abba."

"Ban tambaye ka rana ba."

Mai Kwat ya leƙo ta ƙofar fasinja. Ya dubi wayar, ya bi ta da ido har ƙarƙashin sitiyari, ya dubi layin kore. Na kai hannu wajen kwamfutar.

"A'a, Injiniya, bar ta," ya ce. "In ka zare yanzu ta mutu. Bari ta gama."

Ya sani. Tun kallon farko ya sani.

Ya miƙe ya gyara kwat ɗinsa, ya juya wajen Abba da murmushi mai taushi.

"Abba, kar ka damu. Ni ban iso ba tukuna. Bayan la'asar aka ce in zo, ko ba haka ba? Abin da ya faru kafin la'asar ba ya cikin aikina." Ya dubi Auta. "Gida ai gida ne."

Auta ta runtse ido.

Sai ya sake duƙawa, kamar zai ɗauki wani abu. Idonsa ya sauka a kan kujerar da na tashi daga kai. Ya hau zuwa madubi. Ya fita ta gilashi ya sauka a kan dogayen ƙafafun Dogo. Daga nan ya koma kan mayafin Auta, daidai inda hannun yake ɓoye.

 Ya ajiye abin a ransa, na ga lokacin da ya ajiye shi.

Amma Abba yana kallonsa. Kuma Abba ya ga inda nake miƙa hannu sa'ad da suka shigo.

Tsohon ya tako a hankali. Ya zagaya gefen direba, ya sa tabarau, ya kanga hannu a jikin gilashi ya leƙa. Ya daɗe a haka. Daga cikin gida Umma tana kiran Auta ta zo ta ɗauki shayin baƙo.

Kwamfutar ta yi 'yar ƙara. Layin ya cika. Ta gama.

Abba ya ɗago. Bai dubi Mai Kwat ba, bai dube ni ba. Ya dubi ɗansa daga ƙafa har kai, sannan ya dubi 'yarsa, da kofin da har yanzu yake hannun hagunta.

"Wa ya ja kujerar nan gaba?"